Rigar Aro da Ta Yage a Maiyama

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da ake gaya muku a unguwarmu ta Jega Firchin. Ana ce muku ubanku ya taɓa yin dambe da ɗan'uwansa a gaban Turawa har aka yaga masa riga. Masu ƙarin gishiri ma cewa suke an ɗauke mu a kaset an tafi da mu ƙasashen waje ana kunna wa yara. Zancen riga gaskiya ne, sai dai ba tawa ba ce. Zancen kaset ban sani ba. Dambe kuwa ba a yi ba, don da an yi da ban kawo yau ba, Manu ya fi ni ƙashi nesa. To tunda haƙora sun fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. Ku yi haƙuri da rubutun. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na shiga, shi ma malamin ya ce bai taɓa ganin mutumin da jahilci ya riƙe da amana kamar ni ba.

Manu ɗan Gwaggo Asabe ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta auri wani Bahillace mai shanu a wata ruga da ke gefen Maiyama. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, kun ga taubashina ke nan. Ku yaran yanzu kun ɗauki taubasantaka 'yar tsokana ce da ake yi ranar biki a watse. Mu a wurinmu ita ce gaisuwar, ita ce zumuncin. Tun muna yara ban taɓa ce wa Manu ina kwana ba, shi ma bai taɓa ce mini ba. In na hango shi ranar kasuwar Jega yana tafe da sandarsa a wuya, sai in ɗaga murya yadda har masu sayar da kifi za su ji.

"Jama'a kowa ya riƙe akuyarsa, ga ɓarawon Maiyama nan ya shigo!"

Shi kuma ko waiwayowa ba ya yi, sai ya toshe hanci.

"Wa ya buɗe buhun ruɓaɓɓar albasa? Af, ashe Kaɗona ne. Zo nan bawana, kawo goron ubangidanka."

Sai ya zura hannu a aljihuna ya kwashe goro, ya cire mini hula ya ɗora a kansa. Hulunan da Manu ya raba ni da su, da na tara su da na buɗe shago. Kowace kaka kuma, da an gama yankan gero da dawa, sai kawai mu ga ƙurar shanunsa ta nufo gonarmu ta Katanga. Ba aike, ba roƙo. Su ci kara su bar mana taki, innarku Kulu ta samu nono da man shanu, matarsa ta koma da dawa da albasa. Haka muka tashi muka ga iyayenmu na yi, haka muka ci gaba.

Sai Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa. Na je rugar na tarar da Manu zaune kan tabarma, mutane kewaye da shi, idanunsa sun faɗa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Wannan bakin nawa da kuka sani, wanda ko a masallaci sai an harare shi, ranar ya ƙi buɗuwa. Na tuɓe takalma na durƙusa na ce masa ya haƙuri, Allah ya jiƙan Gwaggo. Ya dube ni, sannan ya amsa.

"Da godiya, Malam Garba. Allah ya ba da lada."

Malam Garba. Tunda uwata ta haife ni Manu bai taɓa liƙa mini malanta ba. Na ce a raina zafin mutuwa ne, zai wuce. Bayan an share makoki muka haɗu a kasuwa, na ce bari in bari shi ya fara, kar in taɓa mutum ciwonsa bai warke ba. Na ce masa barka da kasuwa. Ya ce barka kadai, ya iyali, ya Kulu, ya yara. Ya miƙo mini hannu muka gaisa kamar surukai. Na koma gida da hulata a kaina, goro cike da aljihu. Da kaka ta zo na yi ta duban hanya, shanu ba su zo ba. Daga baya na ji suna gonar wani can wajen Aliero. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, gonar Katanga ta fara rama, mu kuwa gaisuwarmu kullum sai ƙara kyau take. Na binciki kaina har na gaji. Ko wata magana na faɗa da ta wuce wuri? Ko wani ya kai sukata? Ban samo komai ba. Innarku ce kaɗai ke yi mini maganar, ita ma ba da lallashi ba.

"Ka tahi ka zage shi mana. Mi ka hana ka? Kai da ko jakin mutane ba ka bari ya wuce lahiya."

"In na zage shi ya ce mini na gode fa?"

"To zauna. Ku yi ta gaisawa har ku mutu."

A cikin wannan hali aka ce an yi mana jiha tamu, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Kowa ya shiga rawar kai, ko mai shayi sai ka ji yana zancen ci gaba. Wata rana da hantsi ina zaune ƙofar gida sai ga Dakta Umaru, ɗan maƙwabcina Alhaji Bala, wanda ke koyarwa a jami'a. Yaron kirki ne, amma ya daɗe ba ya gari, labarin unguwa duk ya wuce shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce wani babban taro za a yi a Birnin Kebbi na masana halayyar ɗan'adam da al'adunsa, daga ko'ina za su zo, har da ƙasashen Turai.

"Likitoci ne?"

"A'a Baba."

"Masu ƙidayar mutane ne? Don in su ne, ni an riga an shafa mini tawada."

"Ba su ba ne. Su aikinsu su duba yadda jama'a ke zaune. Yadda ake gaisuwa, yadda ake suna, wa ke shiga gidan wa, wa ke cin abinci da wa. Sai su rubuta."

"Wannan ai aikin da Kulu ke yi ne ta kan katanga, ba wanda ya taɓa ce mata dakta."

Daga cikin gida innarku ta ce tana jina. Dakta ya yi dariya ya ce to bayan sun gama karanta wa juna takardu, an ware musu yini guda na shan iska, a zaga da su su ga gari su ga al'ada: kasuwar Jega da safe, albasar Aliero da rana, a ƙare a Maiyama a sha fura. Ana son wanda ya san wuraren nan kuma bakinsa ba ya ciwo, ya zauna gaban mota yana bayani. Da na ji gaban mota ban bari ya ƙarasa ba na ce na yarda. Ashe saura magana.

"A Maiyama kuma da wasan taubasai za mu rufe, don akwai masu nazari a kansa. Kai da Baffa Manu. Tun ina yaro ban ga waɗanda suka kai ku ba. Na riga na aika masa, ya ce to."

Ya ce to. Wannan kalma ta hana ni sakat. Me ya sa ya ce to? So yake ya kunyata ni gaban baƙi, in zage shi ya yi shiru? Ko kunyar Dakta ya ji? Ko shi ma hanya yake nema? Na shiga gida na ce wa innarku zan aika a ce zazzaɓi ya kama ni. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In ba ka tahi ba, an gama ke nan. Ya ce to, kai ka ce a'a, duk Maiyama ta ji. Ba shanu ba, ko kazarsu ba ta ƙara taka gonarka. Yaranmu su tashi ba su san nasa ba."

Gaskiyarta. In na je ban san abin da zai faru ba, in ban je ba na sani. Sai na je wurin Alhaji Bala aron riga, don tawa ta fita kunya ta riga ta daina fitar da kowa kunya. Ya ɗauko wata farar shadda mai aiki har ciki, ya riƙe ta kamar jariri kafin ya sakar mini.

"Garba, da wagga riga na sauko jirgin Makka. Ko miya kar ta gani."

Ranar da aka sa, doguwar mota ta tsaya bakin kasuwa, mutane suka yi ta fitowa. Akwai na Kudu da manyan tabarau, akwai na Nijar da rawuna, akwai Turawa kaɗan da jar fata da hulunan kaba da suka saya a hanya. Wata Baturiya doguwa ta gaishe ni da Hausa tas irin ta rediyo, ta ce a kira ta Ladi don ran Lahadi aka haife ta. Rikoda rataye a wuyanta. Akwai kuma wani gajeren dattijo da aka ce mini Farfesa ne babba. Shi kaɗai ne ba ya rubutu. Goro kawai yake ci yana kallona.

Tun a Jega na gane ban gane mutanen nan ba. Na nuna musu wani sabon gini da muke alfahari da shi, ba wanda ya ɗaga kai. Sai ga su sun yi dafifi kan wani tsoho mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, suna ta ɗaukarsa hoto, tsohon ya tsorata yana tambayata ko laifi ya yi. Na kai su layin masu atamfa, suka tsaya tambayar wata mai daddawa wa ya koya mata, ita kuma wa ya koya wa waccan. Wani ya tambaye ni me ya sa masu kifi ke wancan gefe masu hatsi ke wannan. Na ce haka muka tarar. Wallahi sai ya rubuta. Na leƙa takardar, layi guda cur ya ba maganar.

Da muka isa Aliero rana ta take. Lokacin cirar albasa ne, ga ta nan tuli-tuli, ga rumfunan ajiya an shimfiɗa ta tana shan iska. Ladi ta tambaye ni ko akwai abin da ake kiyayewa wajen ajiyar. Da na ga duk abin da na faɗa rubutawa ake, sai halin nawa ya motsa. Na gyara rigar Alhaji na ce ai mutumin da ya yi faɗa da matarsa da safe ba ya shiga rumfar albasa, in ya shiga ruɓewa take. Ni dai a nan take na ƙago ta. Biro ya hau aiki ko'ina. Sai wani manomi da ke tsaye gefe, farin gemu har ƙirji, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ya faɗa. Haka kakana ke cewa."

Na dube shi, ko alamar murmushi babu. Har yau ban sani ba, taya ni ƙarya ya yi, ko kuwa gaskiya ce na faɗa ban sani ba. Daga nan na kama bakina, don na ga abin ya fi ƙarfina. Farfesa ya matso ya miƙo mini ɓarin goro.

Muka ɗauki hanyar Maiyama. Dakta yana ta yi wa baƙi bayani da Turanci, ina jin sunana da na Manu suna fitowa, mutane na dariya tun kafin a je. An share wuri ƙarƙashin wata babbar tsamiya kusa da rugar, an shimfiɗa tabarmi, mata sun jera ƙoren fura da nono. Mutanen ruga sun fito, har da na cikin gari da suka ji labari. Su sun san halin da ake ciki, shi ya sa ba wanda ke magana da ƙarfi. Ga Manu can zaune da sabon rawani. Bayan an sha fura Dakta ya sa aka ajiye tabarma guda a tsakiya, ya kira mu. Ladi ta ajiye rikoda tsakaninmu ta danna. Na tuɓe takalma. Shi ma ya tuɓe.

"Barka da rana, Manu."

"Barka kadai, Malam Garba. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ya shanu?"

"Da godiya. Ya albasa?"

"Alhamdu lillahi. Ya gida?"

"Lahiya lau. Ya Kulu?"

Muka gaisa kan yara, muka gaisa kan zafi, muka gaisa kan gajiya, muka koma kan shanu. Baƙi suna ta rubutu, wai a zatonsu sharar fage ce. Dakta ya fara share gumi, ya sunkuyo ya raɗa mini, "Baba, a fara mana." Na buɗe baki da niyyar in ce wa Manu rawaninsa kamar an naɗa wa turmi zane. Na dubi fuskarsa, sai na ji kaina ina cewa rawanin nan ya yi kyau. Ya ce na gode. Wata tsohuwa a bayanmu ta ja tsaki. Ni kuwa na ce shi ke nan, abin da na ji tsoro ya faru, yau an binne zumuncin gaban shaidu har da na ƙasashen waje.

Sai Farfesa ya tofar da tuƙar goro ya yi gyaran murya.

"Malam mai bayani, wai kai asalinku mutanen ina ne?"

Na ce iyayena Kabawa ne, daga wajen Argungu kakana ya taso.

"Haba! Shi ya sa. Tun safe nake jin ƙarni a motar nan, na ɗauka wani ya ɓoye kifi a jaka. Ashe Bakabe aka sa mana a gaba. Ni Bakatsine ne, ka ga yau ka gamu da ubangidanka. Wannan riga kuma ta wa ka sato? Bakabe da shadda, ai sai ka ce an yi wa tarwaɗa lalle."

Kun san Katsinawa abokan wasanmu ne, ko sarki ne a cikinsu Bakabe na iya tanka masa. Amma ni na daɗe ban yi ba, bakin ya yi tsatsa. Ga shi babban mutum, ga rikoda na juyawa, ga Manu zaune. Na yi ta murmushi kamar wanda aka kama da kazar mutane. Farfesa bai ƙyale ni ba, ya ce a duba masa bayan kunnena ko akwai ƙaya irin ta kifi, ya ce in an tashi a ɗaure ni saman mota kar in ɓata wa baƙi kaya. Mutane suka fara dariya. Sai na ji sanda ta daki ƙasa.

"Kai Bakatsine, dakata!"

Manu ne ya miƙe tsaye, rawanin ya karkace.

"Wa ya ba ka bawana? Wanga Kaɗo da kake gani, gadonsa na yi. In za a ce shina wari, ni ka cewa. Kuma ba ƙarnin kihi ba ne, ba ka san komi ba, ruɓaɓɓar albasa ce!"

Ya juyo kaina, idanunsa jawur.

"Kai kuma ka zauna kana washe baki ana cin namanka! Ina bakin naka? Ko shi ma aro shi kake, kamar rigar?"

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni kake tambaya baki, ɓarawon awaki? Kai da ka mai da ni Malam Garba? Wane allo ka taɓa gani a hannuna?"

"Wa ya fara? Ran da Inna ta rasu, wa ya zo ya tuɓe mini takalmi ya durƙusa kamar baƙon da ya ɓace hanya? Na ce to, ashe Inna ce ke riƙe da igiyar. Ta tahi, ɗan birni ya sallame mu."

"Ni da na ji tausayinka, Bahillacen banza!"

"Tausayi? Wa ya aike ka? Rugar nan cike take da masu tausayi ran nan, har sun hana ni numfashi. Mutum guda nika jira ya shigo ya ce mini maraya mai gemu, in samu in yi dariya. Sai ga ka da ya haƙuri!"

"To sai ka kwashe shanunka ka kai gonar wani?"

"In kai su gonar wanda ke ce mini barka da kasuwa?"

Ya cafki wuyan rigar yana girgiza ni, ni kuma na kama rawaninsa na warware. Yana ce mini Kaɗo marar kunya, ina ce masa maraya mai gemu, tunda ita yake so ga ta nan har sau nawa. Ban sani ba ko dariya muke ko kuka, don duka biyun suna fita. Sai na ji ƙyaaat! Rigar da ta sauko jirgin Makka ta rabu tun daga wuya har cibiya.

Wurin ya hargitse. Wani Bature ya faɗo tsakaninmu yana ɗaga hannuwa, wani malami na Kudu yana kiran a nemo 'yan sanda, direba ya ruga ya tayar da mota. Su kuwa matan ruga sai suka saki guɗa. Tsohuwar nan mai tsaki ta tashi tana rawa da ludayi a hannu. Baƙi suka tsaya sororo, suna duban masu guɗa suna duban mu. Dakta ya rasa wa zai yi wa bayani, ya dubi rigar ubansa ya dafe kai. Manu ya zura hannu a aljihun abin da ya rage na rigar, ya kwashe goron da ke ciki, ya cire mini hula ya ɗora bisa kansa da ba rawani.

"Bana in kaka ta yi ka gyara mini wuri. Kuma kar in tarar ka kwashe karan, matsiyaci."

A hanyar komawa gardama ta kaure a motar. Dakta ya ce mini rabinsu na cewa shiri ne muka yi, mun iya wasa ƙwarai, rabi na cewa faɗa ne na gaske aka rufe da dariya. Ladi ta zo ta zauna kusa da ni, ina riƙe da riga da hannu biyu kar cikina ya fito.

"Malam Garba, don Allah wanne ne? Wasa ne ko faɗa?"

Na ce mata ita ce mai bincike, in ta gano ta aiko mini, don ni ma ina son sani. Ta rubuta wannan ma. Na waiwaya wurin Farfesa na tambaye shi ko da gangan ya yi. Ya ce tun da ya ga taubasai biyu sun tuɓe wa juna takalmi ya san akwai gawa a wurin, shi dai ya taɓa ta ne ya ga ko da sauran rai. Sannan ya ƙara da cewa Bakabe dama ko hanyar gidansu sai an nuna masa. A nan ne bakina ya dawo.

"Ranka ya daɗe, da karatu na gyara Bakatsine da kai an fara. Ga shi ka ƙare makarantun duniya kana nan yadda kake."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Abin bai tafi a banza ba. Innarku ta ɗinke rigar iya ƙoƙarinta, na kai wa Alhaji Bala. Ya ɗaga ta ya duba ɗinkin, ya ninke ya miƙo mini ya ce in riƙe, shi ba ya sa rigar da ta je yaƙi. Har ya bar duniya bai ƙara ara mini ko allura ba, in na gaishe shi da hannu ɗaya yake amsawa. Mutanen gari kuma suka liƙa mini zancen dambe, ga shi har ya iso kunnenku. Amma da kaka ta yi, wata safiya ina gonar Katanga na hango shanu sun nufo ni, da wani dogon mutum a bayansu sanye da hulata. Kafin ya iso sun tattake mini kunyar rogo guda. Na ce masa Allah ya isa, ya ce rogon ma ɗaci gare shi kamar mai shi.

Shekaru da yawa bayan haka aka aiko mini Manu ba lafiya. Na je na tarar da shi kwance a bukka, ya ƙare sai idanu. Ina shiga na ji abin nan na ranar rasuwar Gwaggo ya sake kama mini harshe, har hannuna ya kai ga takalmi. Sai na tuna. Na shiga da takalmana na tsaya a kansa.

"Kai Bahillace, ita mutuwar ma rowa za ka yi mata? Mi za ta samu a jikin nan?"

Ya buɗe ido, bakinsa ya motsa.

"Ku ɗage asabarin, albasa ta ruɓe."

Ya ɗago hannu da ƙyar, bai kai ba. Na sunkuyar masa da kai ya cire hular da kansa. Tana kan ƙirjinsa na fito, ban ƙara ganinsa ba.

Ku ma kuna da taubasai, 'ya'yan gwaggonku Hajo, na kuma lura kwanan nan kun fara ce musu barka da zuwa kuna ba su kujera. Ran da tawa ta zo za su zo muku gaisuwa, za ku ga sun tuɓe takalma sun sunkuyar da kai. Ku karɓi addu'arsu. Amma kar ku bari ko ɗaya daga cikinsu ya fita gidan nan da hula a kansa.